Bayan Wuya Ko Cikin Wuya? Ɗan Tarihin Haƙurin Kiristocin Ƙasar Zuru

Ranar da shugaban ƙungiyarmu ya ce kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da za a buga a wannan fitowa, wani abokina da muke kwana ɗaki ɗaya ya dube ni ya ce, "Kai mutumin Zuru, ai sai ka rubuta mana labarin soja." Muka yi dariya. Ban ga laifinsa ba, gama abin da aka fi sanin ƙasarmu da shi ke nan, watau kakin soja da noma da bikin Uhola. Amma abin da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya dabam ne. Ni mutumin Ribah ne, Kirista jikan Kirista, kuma tun ranar da aka fara koya mana karin magana a aji ɗaya nake ta auna wata magana ta kakata da maganar Bahaushe da ke cewa bayan wuya sai daɗi. Ita tsohuwar ba ta ƙaryata karin maganar ba, sai dai ta ce guntuwa ce. A ganinta, wanda ya jira sai wuya ta wuce kafin ya nemi ganin Allah, to, sun yi saɓani a hanya.

Na san yawancin masu karanta mujallar nan, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, Musulmi ne. Saboda haka bari in faɗa tun da wuri cewa ba wa'azi na zo yi ba, ba kuwa jayayyar addini ba. Tarihi nake so in bi, in ga ta inda maganar nan ta shigo bakin tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, da kuma yadda maganar ta kasance sa'ad da wuya ta gaske ta sauko mana.

Dutse da garma

Ga wanda bai san wurin ba, Ribah ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, cikin masarautar Zuru, can kudu maso gabashin Jihar Kebbi inda ta yi iyaka da Zamfara da Neja. Masarautar ta haɗa ƙasashe biyar: Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Dā ana lissafa ta cikin Lardin Neja, sai a 1976 da aka raba Jihar Arewa maso Yamma ta faɗo cikin Jihar Sakkwato, sa'an nan Kebbi a 1991. Mafi yawan mutanenta su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa da Acifawa, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama. Kowa da harshensa a gida, amma in an fito kasuwa Hausa ce ke raba gardama.

Wahalar farko da tsofaffi suka riƙe labarinta ita ce ta harin bayi. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kwantagora a wajejen 1864. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau sarautar Sarkin Sudan a 1880, ya yi suna wajen kai hari kan ƙabilun da ke kewaye da shi, har zuwa 1901 da sojan Ingila suka ci garin. Mutanenmu da yawa a kan duwatsu suka kafa garuruwansu, su sauko da safe su yi noma, ido ɗaya a kan garma ɗaya a daji. Kakata ta ce uwarta ta gaya mata cewa a zamanin nasu iyayen, in yaro ya fara kuka da dare sai a toshe masa baki da nono, kada sauti ya sauka gindin dutse. Ban kawo wannan don in fama tsohon miki ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya san ba 'yan mishan ne suka koya wa mutumin Zuru jure wuya ba. Sun iske shi da abinsa.

Makarantar da ake koyon jimirin nan kuwa ita ce golmo. Saurayi in yana son aure ba dukiya zai kai ba, ƙarfinsa zai kai. Zai yi wa uban yarinya noma har damina bakwai, shi da tsaransa, yau su taru a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Ɗan golmo ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa rana ta yi zafi, in garma ta sare shi ba ya nuna wa kowa. Wanda ya kasa, ba mata kaɗai ya rasa ba, ya zubar da mutuncin gidansu. Akan danganta son aikin soja da mutanen Zuru ke yi da wannan horo, ni ma ban ga abin musu a ciki ba. Amma a lura da irin jimirin. Suruki yana tsaye a bakin gona yana kallo, gari yana kallo, 'yan mata suna kallo. Kai ke cikin kunya kana huɗa, su suna gefe, ladanka kuma yana can ƙarshen shekara bakwai. Da za a ce in fassara golmo da Hausa cikin kalma huɗu, sai in ce bayan wuya sai daɗi.

Zuwan 'yan mishan

Saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakunan Musulmi cewa ba za a taɓa addininsu ba, Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan zama cikin manyan biranen sarakuna, suka bar musu ƙasashen da suke kira na arna. Ƙasar Zuru tana cikin waɗannan. Su kansu masu kawo bisharar da wuya suka shigo arewa. Samari uku da suka fara yunƙurin da ya zama mishan ɗin SIM sun sauka Ikko a 1893. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyar da ta iso gare mu ita ce United Missionary Society, ta waɗansu Kiristocin Kanada da Amurka, wadda wani mutumin Kanada, A. W. Banfield, ya aza harsashin aikinta a Tsonga ta ƙasar Nufe a 1905. Daga can suka yi ta hauhawa arewa, Jebba da Mokwa, sai Salka ta ƙasar Kambari a 1923, sa'an nan Paul Ummel ya buɗe tashar Zuru a 1925. Daga baya aka yi asibiti da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya. Ikilisiyar da ta fito daga aikin nan ita ake kira UMCA, hedkwatarta tana Ilori. 'Yan Katolika da sauran ɗariku sun biyo baya.

Abin da ya fi jan hankalina, ni da nake ɗalibin Hausa, shi ne harshen da addinin ya shigo da shi. An buga wani yanki na Linjila da Dakarci a 1931, amma da shekara ta kewayo, a 1932, sai ga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Shi ne ya zama littafin majami'a a ƙasarmu. Da Hausa ake waƙa, da ita ake wa'azi, da ita ake binne mamaci. Ashe ke nan Badakkare Kirista ya ɗauki kalmomin da Musulunci ya riga ya daɗe yana jiƙawa: Allah, Ubangiji, addu'a, sujada, zunubi, tuba, gafara, jinƙai, haƙuri. Ni kaina sai da na zo jami'a na gane yawancinsu daga Larabci suka fito.

Haƙuri kuwa ba ƙaramar kalma ba ce a wurin Bahaushe. Baturen nan A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa shi cikin ginshiƙan halin da ake auna mutum da su. Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci, ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ya ce kome nisan dare gari zai waye. Mai karatu ya duba su da kyau, zai ga dukkansu can gaba suke nuni: wadata da romo da wayewar gari duk suna bayan wuya. Musulmi kuma ya san wahala jarrabawa ce, ya san Annabi Ayuba, ya san Allah ba Ya nesa da bawansa. Har nan Kirista yana tare da shi ƙafa da ƙafa. Inda hanya ta rabu shi ne, Kirista ya ba da gaskiya cewa cikin Yesu Almasihu Allah ne da Kansa Ya shigo rayuwar ɗan Adam, kuma Yesun nan ya ji yunwa, ya yi kuka a bakin kabarin amininsa, na jikinsa ya ci amanarsa, aka yi masa bulala, aka gicciye shi, kafin ya tashi. Na san Musulmi bai yarda da gicciyewar ba, yana kuma girmama Annabi Isa ta wata fuska dabam. Ba sai mun daidaita a nan ba. Abin da nake so a gane kawai shi ne, ga wanda ya yarda da haka, wahala ba jarrabawa kaɗai ba ce da aka aiko daga nesa ana jiran sakamako. Wuri ce da Allah Ya riga shi shiga. Shi ya sa sunan nan Imanuwel, wanda ma'anarsa ita ce Allah yana tare da mu, ya yawaita a gidajen Kirista.

Wannan duk bayanin littafi ne. Yadda ya sauka ƙasa, a gidanmu na ji shi.

Kakana na wajen uba ya karɓi baftisma yana tsakiyar golmo, a wajejen lokacin samun mulkin kai. Daga nan ya ƙi shiga hidimar Magiro, watau dodon kakanni da maza ke yi wa hidima a asirce, ya ƙi shan giyar tsafi, ya ce kuma ba zai riƙe garma ran Lahadi ba. Tsaransa suka janye daga gonar surukinsa. Golmo kuwa aikin gayya ne, abin da samari ashirin ke gamawa kafin azahar ba mutum ɗaya zai gama shi cikin mako ba. Surukin ya ce shi bai san wani sabon addini ba, kunya ya sani, in ɗaya ta rage yarinya ta wani ce. A nan ya kamata in yi wa tsofaffin nan adalci. Ba mugunta ta sa su ba. A saninsu, mutum ɗaya in ya saɓa wa kakanni, gari duka ke sha, ko da fari ko da annoba. Tsoro suke ji, kuma tsoron ba don kansu kaɗai ba ne.

Damina uku da suka rage ya cika su kusan shi kaɗai, sai wani mai bishara da waɗansu tsirarun masu bi da kan zo su taya shi in sun gama nasu. Kakata, wadda ita ce yarinyar da ake wa noman, ta ce wata rana mai bisharar ya karanta musu labarin Yakubu, yadda ya yi wa Laban kiwo shekara bakwai domin Rahila, aka yi masa musanya da yayarta daren aure, ya sake yin waɗansu bakwai. Sai kakana ya buga cinya ya ce, "Ashe Yakubu ɗan golmo ne!" Amma ta ce ba auren da aka yi a ƙarshe ne ya kama zuciyarsa ba, wannan kowane Badakkare ya san shi. Abin da ya yi ta maimaitawa har tsufansa shi ne, Allah Ya bayyana ga Yakubu tun yana kan hanyar gudu, dare ya yi masa a daji, ya yi matashin kai da dutse, ba mata, ba akuya ko ɗaya. Mutumin da kakanninsa suka kwana kan dutse don tsoro ba ya bukatar a yi masa dogon sharhin wannan.

Bayan aure sai 'ya'yansu uku na fari suka mutu a jere tun suna goye, biyu da ƙyanda. Gari ya ce ga abin da aka faɗa. A nan ma akwai abin da ɗalibin Hausa zai tsaya ya duba. Bahaushiya mai wabi, in ta sake haihuwa, takan sa wa yaro suna irin su Ajuji ko Ajefas ko Ayashe, ta nuna kamar ba ta damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Wayo ne na mai rauni, kuma ni ban taɓa jin sunayen nan ban ji tausayi ba. Su kuwa Kiristocin arewa da ke sujada da Hausa sai suka ƙago nasu sunayen: Allahnanan, Allahmagani, Haƙuri, Godiya. Waccan tana ɓoye ɗanta, wannan tana shela da nata. Ɗa na huɗu da kakata ta haifa, baffana, wan mahaifina, shi ne ya fara rayuwa, kuma na farkon cikin sunayen nan ta raɗa masa, tun kafin ta san ko zai kai yaye.

Sauran tarihin zan ratsa shi da sauri. Makaranta ta yawaita, 'ya'yan manoma suka zama malamai da ma'aikatan asibiti, sababbin masu bi suka daina zama saniyar ware. Aikin soja kuma ya ci gaba da ɗibar samari, daga yaƙin Bama zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya bar gwauraye mata a gidaje da dama. Waɗanda suka riƙe su su ne 'yan Zumuntar Mata. Duk wanda ya zauna kusa da majami'a a arewa ya san su, da zane iri ɗaya, da kiɗan tulu da caki, da waƙoƙin da su da kansu ke tsarawa da Hausa. In an yi mutuwa su ke fara zuwa su ke ƙarshen tashi, wannan da mudun dawa, waccan da ɗaurin itace, wata ta share tsakar gida ba tare da ta ce uffan ba. Da za a tambaye ni inda aka adana koyarwar nan ta kusancin Allah a ƙasarmu, ba zan nuna kabad ɗin fasto ba, su zan nuna.

Sa'ad da aka koma gudu

Shekara 120 bayan cin Kwantagora, sai ga mu an koma kwana da takalmi a ƙafa. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara suka fara tsallakowa ta iyakar gabas, bisa babura, da farko don shanu, daga baya don mutane. Ran 3 ga Yuni 2021 suka bi ƙauyukan Koro da Kimpi da Gaya da Dimi da Zutu da Rafin Gora da Iguenge, duk a Danko/Wasagu, 'yan sanda da kansu suka ce an kashe mutum 88. A Janairun 2022 suka faɗa wa Dankade, suka kashe, suka ƙone, suka tafi da mutane. A Maris na shekarar suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe sama da 60, bayan kwana biyu kuma suka kashe sojoji da 'yan sanda a Kanya, ranar da mataimakin gwamna ya kai ziyara can. Ƙauyuka suka watse. Ribah ta cika da baƙin da ba baƙi ba, manoman da dā ke kawo hatsi kasuwa suka dawo suna awo da kwano.

Kakata tana cikinsu. A daminar 2021 aka ɗauko ta bisa babur daga ƙauyenmu, ba ta fito da kome ba sai zanen zumunta da wata 'yar gora cike da irin dawa. Baffana kuwa ya ƙi barin gona ɗungum, yakan lallaɓa da asuba ya yi abin da ya samu ya dawo. Wata safiya a daminar 2022 bai dawo ba. A cikin gonar aka tsince shi.

Ina da shekara 19 a lokacin, ina jiran shiga jami'a, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Ran kwana uku, bayan matan zumunta sun fita ɗebo ruwa, na shiga ɗakin aron da take zaune na ce, "Kaka, sunan nan da kika raɗa masa fa? In Yana nan, ina Yake ran nan?"

Na ɗauka za ta tsawata mini. Sai ta yi shiru, can ta ce, "Maigidana, matso." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika, amma ran nan ba wasa a muryarta. Ta ce, "Da kakanka ke golmo, ubana yana tsaye a inuwa yana ƙidaya kunya. Kai kana zato Allah surukin golmo ne, Ya tsaya bakin gona Ya ga ko za ka iya? Wanda na sani ba Ya tsayawa a inuwa. Da garmarsa Yake zuwa, kunyar da ke kusa da taka Yake bi. Ran nan Yana cikin gonar. Shi ma an taɓa kashe masa Ɗa, ba sai na yi masa bayanin abin da nake ji ba." Sa'an nan ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba.

Ban ce amsar ta gamsar da ni ba. Har yau akwai daren da nakan ce, to, in Yana cikin gonar me ya hana Ya karkatar da bakin bindiga? Wannan tambaya ta girmi Ribah, ta girmi 'yan mishan, Ayuba ma ya yi ta, abokansa suka cika shi da bayani bai karɓa ba. Abin da na gane dai shi ne, maganar tsohuwar ba daga sama ta faɗo ba. Garmar ta kakanninta ce, kalmomin na Hausa ne, gicciyen kuma daga littafin 1932 ya fito. Shekara kusan ɗari suka yi suna cuɗanya kafin su zama jimla ɗaya a bakinta. Kuma kukan da ta yi ya nuna mini inda ta rabu da golmo: ɗan golmo ba ya kuka don ana kallonsa, ita kuwa ta yi nata ba kunya, don a wurinta wanda ke kusa ba ɗan kallo ba ne.

Akwai hatsari cikin koyarwar nan, kuma ba zan rufe shi don ta addinina ce ba. Kalmar da aka fi jefa wa talaka a ƙasar nan ita ce "sai haƙuri". Duk tawagar manya da ta zo ta'aziyya da ita take buɗe baki, da ita take rufewa, a ajiye buhun shinkafa a ɗauki hoto a tafi. Haƙurin da mai wahala ya zaɓa wa kansa dabam, wanda mai alhakin tsare shi ke ɗora masa don ya yi shiru dabam. Addinin Kirista bai ce wahala abu mai kyau ce ba, bai kuma ce a bar mai kisa ya sha iska ba. Zabura cike take da ƙorafi, har da na waɗanda ke tambayar Allah sai yaushe. Ita kakar tawa da ke ganin Allah cikin gona, ita ce kuma na ji tana tambayar wani babban mutum, ba ta ko sunkuyar da kai ba, yaya aka yi ƙasar da ta ba Nijeriya sojoji haka ta rasa mai tsaron gonakinta. Akwai kuma sababbin masu wa'azi, a rediyo da wayar hannu, da ke cewa wanda ke shan wuya bangaskiyarsa ce ta yi rauni, mai bi na ƙwarai sai arziki da lafiya. In ta ji su takan ce a kashe, batir yana da tsada.

Wani abu kuma, tun da na ce tarihi nake yi. Nakan ga ana ba da labarin ƙasarmu a waje kamar Kirista kaɗai ake kashewa, waɗansu kuma su yi kamar babu Kirista a Kebbi sam. Duka biyu ba su san Zuru ba. A wurinmu gida ɗaya sai ka iske wa yana alwala ƙane yana goge takalmin zuwa majami'a, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kabarin 2021 da na 2022 sun ci daga kowane ɓangare. Ran 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, nan cikin ƙaramar hukumarmu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, yawancinsu 'ya'yan Musulmi. Bayan kwana huɗu aka kwashi yara da malamai fiye da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja. A makon nan addu'ar masallaci da ta majami'a kusan kalmominsu ɗaya, abin da ba mamaki, tun da daga rumbu ɗaya aka ɗebo su. 'Yan matan Maga sun dawo kafin watan ya ƙare, na Papiri kuma kafin Kirsimeti.

Na je gida hutun Kirsimetin nan. Na iske tsohuwar ta ƙara ranƙwafawa, ido ɗaya ya yi hazo, har yanzu kuma a ɗakin aro take. Irin dawar nan da ta fito da shi, kowace damina sai ta sa an shuka mata shi a wani ɗan fili da aka ara mata a bayan gari, in an girbe ta ware zangarniyar da ta fi kyau ta mayar cikin gorar, wai kada ranar komawa ta zo a ce babu irin ƙauyenmu. Ranar da zan dawo makaranta ta sa na sauko da gorar daga rataya, ta auna rabin kwano da hannunta, ta ce in kai wa maƙwabciyarta, wata Bahaushiya da ta gudo daga wajen Bena, wadda nata irin ya ƙone tare da rumbu. Na kai, matar tana salla, na tsaya a bakin zaure har ta sallame.